Zumuntar Mata a Gefen Ganuwa: Nazari kan Matan Katolika a Zariya

Wanda ya shiga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka yana neman cocin Katolika zai wuce Babban Dodo, ya wuce fadar Sarki da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, bai ga inda ake Mas ba. Sai ya juyo ya nufi Sabon Gari, inda babban cocin Kristi Sarki yake. Wannan rabo na da asali. Likita Mila, ɗan mishan na Angilika, ya zauna cikin birni tun 1905, amma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Katolika kuwa ta kafu ne tsakanin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, mutanen Kudu da na kudancin lardin Zazzau, daga baya ta shiga ƙauyukan Maguzawa. A watan Disamba na 2000 aka yanko Zariya daga Kaduna ta zama dayosis mai zaman kanta, George Jonathan Dodo ya zama bishop na farko har rasuwarsa a 2022.

Tarihin da aka rubuta na bishop-bishop da fada-fada ne, domin a tsarin Katolika mace ba ta zama fada. Amma a ganina, wanda ke son sanin abin da ya riƙe wannan addini a ƙasar da mabiyansa tsiraru ne, sai ya dubi Zumuntar Mata. Sunan kansa abin lura ne. Ba a ce ƙungiya ba, aka ce zumunta, kalmar da Bahaushe ya ajiye wa jini da nono. Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafar matan nan ke aikinsu: barkar haihuwa, dubiyar marar lafiya, zaman makoki, kai wa matar da mijinta ya rasu kwanon masara da ɗan abin cefane. Fada ɗaya kan riƙe ƙauyuka masu yawa, wani wurin sai a yi makonni bai leƙo ba. Tsakanin zuwansa da komowarsa, katikis da matan nan ne coci.

Ranar Lahadi za ka gan su sun zauna gefe guda cikin anko, zani da kallabi iri ɗaya. Ɗaya ta dafe tulu tsakanin gwiwoyinta tana bugun bakinsa da soso, sautin na fita can ƙasa kamar numfashi, wata na kaɗa caki, mai ba da waƙa ta ɗauko, sauran su amsa. Salon bayarwa da amshi ne na waƙar daɓe da ta niƙa, sai dai yanzu labarin Littafi Mai Tsarki yake ɗauke da shi. Taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida maimakon Latin, mata kuwa suka shiga da tulunsu. Da Hausa ’yar Bajju da ’yar Atyap da ’yar Maguzawan Ikara ke haɗa murya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta haddace koyarwar addininta ta wannan hanya, ta kuma zuba wa jikokinta.

Batun kāre addini ya fi nauyi. A Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya bazu zuwa Zariya, aka ƙone coci-coci da dama. Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, aka tayar da bam a cocin Kristi Sarki da wani cocin ECWA a Wusasa, ramuwar gayya ta biyo baya a Kaduna, aka rasa rayukan Kirista da Musulmi. A waɗancan shekaru coci-coci da yawa suka hana mata shiga da manyan jakunkuna. Macen da ta tsaya a layi aka laluba ta, goyo a baya, carbin rosari a hannu, ta san abin da ya taɓa faruwa a bakin wannan ƙofa, ta kuma shiga. Ba mahawara ta yi da kowa ba, amma kāriya ce.

Akwai wata fuskar da masu nazari suka fara kulawa da ita. Sista Kathleen McGarvey, ’yar ƙasar Ailan, ta wallafa littafi a 2009 kan tattaunawa tsakanin matan Musulmi da Kirista a Arewacin Najeriya, a 2010 kuma ta jagoranci kafa majalisar matan addinai a Kaduna, inda shugabannin matan coci ke zama da na ƙungiyoyin matan Musulmi irin su FOMWAN. Abin da ya sauƙaƙa wannan zama, ina jin, tsoho ne: kasuwa ɗaya, layin awon ciki ɗaya, tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti da ke tsallaka katanga. Ga kuma Maryamu, wadda matan Katolika ke keɓe wa watan Mayu da Oktoba, maƙwabtansu na cikin ganuwa kuma ke karanta sura guda mai sunanta a Alƙur’ani. Saɓanin aƙida a kan ɗanta yana nan daram, kowane ɓangare ya sani, kuma da wuya ka ji an tayar da zancen a gidan suna.