Kufai da Kushewu a Ƙasar Kanwa: Abin da Magabata Suka Bar Mana a Muniyo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, a wannan buki na cikar sarauta shekara ɗari, ya dace bayan an jera sunayen sarakuna a waiwayi wuraren da tarihin ƙasar yake kwance, domin Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Gure tana gabas da Damagaram, a gindin duwatsun Muniyo, kuma tun da daɗewa arzikin wannan ƙasa yana cikin kwarurrukanta ne. Idan damina ta wuce, ruwan tafkuna ya ja baya, sai kanwa ta fito fara fat a bisa ƙasa. A nan ake samun farar kanwa da jar kanwa, da gwangwarasa wadda majema ke nema. Can gabas kuma, cikin ƙasar Manga, ana tace ƙasa mai gishiri, a zuba ruwanta cikin kaskon yumɓu, a dafa shi a murhu har ya daskare ya zama manda. Fatake su ɗora wa jakuna da takarkarai da raƙuma, su nufi Damagaram da Kano da sauran kasuwannin kudu. Makiyayi na ba dabbarsa, marini na zubawa a karofi, mai taba na haɗawa, uwargida na jefawa a tukunya. Da harajin wannan fatauci sarauta ta yi ƙarfi.

Baƙi ma sun shaida haka. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratso ta Bune, tsohon mazaunin sarauta, ya ga tafkin kanwa a kusa da ita. Daga nan ya iso Gure, ya gana da Muniyoma Koso, wanda shi ne ya mai da Gure fadarsa, ya kuma yaba ginin fadar a cikin littafin tafiyarsa. Da ya nufi yamma ya bi ta Gidimuni, inda ya tarar da tafki biyu maƙwabtan juna, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa. Daga baya ƙasar ta shiga hannun Sarkin Damagaram Tanimu, sannan Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20.

Akwai wani abin lura a nan. Kafin Barth, abokin tafiyarsa James Richardson, mutumin Ingila, ya sauka Gure a 1851, ya wuce, ajali ya cim masa a Ngurutuwa cikin ƙasar Barno a watan Maris na shekarar. Barth ya ziyarci kabarinsa ya rubuta, shi ya sa har yau ake ambaton wurin. Baƙo ɗaya ke nan. To, ina kabarin dubban mutanen da suka haƙa kanwar, suka dafa mandar?

Mafi yawansu manoma ne da ke zuwa cin rani, maza da mata, ƴaƴa da bayi. Sukan kafa bukkoki a bakin kwari, su yi aiki cikin sanyin hunturu da zafin bazara, su koma gona idan ruwa ya sauka. Wanda kwanansa ya ƙare a can, a can ake yi masa sutura, a sallace shi, a rufe shi bisa tudu nesa da danshi, a ɗora masa ƙaya ko dutse ko fasasshen kasko. Ba rubutu, ba gini, kamar yadda aka saba a kushewar Musulmi. Alamar da ta rage ita ce tsibin toka da tsingaro inda murahu suka tsaya, da bakin dattijon da zai ce maka: nan maƙabarta ce, kada ka sa garma.

Waɗannan shaidu biyu duk suna tafiya. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa suka ragu, rairayi ya taso yana cike kwarurruka, abin da ya sa aka daɗe ana aikin dashe da kafa shinge don tsare tuddai a ƙasar Gure da Maine-Sorowa. Rairayin da ke cin garka shi ke rufe kushewa. Dattawa kuwa, kowace shekara sai mun raka wasu. Ranar da na ƙarshe ya kwanta dama, wanda zai nome kabarin kakansa ba zai san ya yi ba.

Ba daga tushe za a faro aikin ba. Malam Maikorema Zakari ya wallafa bincikensa a kan tarihin Mangari a 1985, Paul Lovejoy ya fitar da nasa a kan gishirin wannan yanki a 1986, kuma tun 1997 Nijar take da dokar kare kayan tarihi. Abin da ya rage namu ne. Kowane mai gari ya tara dattawansa, a zagaya a nuna kufai da tsofaffin maƙabartu da wuraren murahu, a rubuta sunayensu da Barbarci da Hausa. A kewaye su da shinge, a dasa itace. A ajiye kundin a fada, a ba makarantu kwafi, a gayyato ɗaliban jami'ar Damagaram su ɗauki muryoyin tsofaffi. Haka nan a kula da kufan Bune da kushewun gidan sarauta.

Ranka ya daɗe, da ku manyan gari, sarauta riƙon amana ce ta rayayyu da matattu. Waɗanda guminsu ya gina ƙasar nan ba su roƙe mu hubbare ba, addu'a da kiyaye makwanci kawai suke bin mu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.