Shabibu ɗan Bajara: hukuncin wanda ya shiga makircin kisa yana ɗari-ɗari

Ku sani, ya ku ɗalibai, a babin kisasi akwai mas'alar da malamai ke kira tamalu'i, wato mutane su haɗa baki a kan kashe mutum guda. Tambayar da ke tasowa ita ce: mene ne hukuncin wanda ya shiga cikinsu zuciyarsa ba ta so? Labarin Shabibu ɗan Bajara, mutumin ƙabilar Ashja'a, ya isa misali.

Bayan yaƙin Naharawan a shekara ta 38 bayan hijira, wasu Hawarijawa uku suka haɗu a Makka, suka yi alkawarin kashe Sayyidina Aliyu da Mu'awiya da Amru ɗan Asi. Abdurrahmani ɗan Muljamu ya ɗauki nauyin kashe Aliyu, ya tafi Kufa. Ɗabari ya ruwaito cewa a can ya tarar da Shabibu, ya gaya masa nufinsa. Shabibu ya razana, ya ce masa abin da ya zo da shi mummuna ne ƙwarai. Ya tuna masa rigayen Aliyu cikin Musulunci da wahalar da ya sha tare da Annabi (SAW), ya ce ransa bai natsu da wannan kisa ba. Sai ɗan Muljamu ya yi ta tuna masa waɗanda aka kashe a Naharawan, har ya amsa. Na ukunsu a Kufa shi ne Wardanu.

Cikin Ramadan na shekara ta 40 (661 miladiyya), suka laɓe wajen ƙofar da Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, ke fitowa sallar asuba. Shabibu, mai ɗari-ɗarin nan, shi ya fara kai sara, takobinsa ya sami ƙofa. Ɗan Muljamu ya sare shi a ka, kuma wannan sara ita ta zama ajalinsa. Shabibu ya gudu, wani mutumin Hadaramauta ya kayar da shi, amma da ya ga jama'a na tahowa takobi kuma yana hannunsa, ya ji tsoron a ɗauka shi ne, ya sake shi. Shabibu ya ɓace cikin mutane.

Ta fuskar shari'a, Imamu Maliki ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum guda da suka kashe ta hanyar yaudara, ya kuma bayyana cewa ko mutanen San'a duka ne suka haɗa baki, hukuncin ke nan. Risala ta tabbatar da kashe jama'a saboda mutum guda a fashi da kisan gilla, ko da wasunsu ne kaɗai suka yi kisan. Masu sharhin Muhtasar suka ƙara sharaɗi: wanda bai yi sara ba ya kasance yana wurin, da za a nemi taimakonsa zai taimaka. Shabibu ya wuce wannan sharaɗi, tunda har ya zare takobi. Uzurin tilas ma babu, don ba wanda ya tsorata shi. Ko da an tilasta shi, tilas ba ta halatta jinin wani.

Sai dai Aliyu ya yi wasiyya kada a kashe kowa sai wanda ya kashe shi, kada kuma a yi masa gunduwa-gunduwa. Ya ji tsoron a zubar da jinin Musulmi da sunan ramuwa. Ɗan Muljamu aka kashe bayan rasuwarsa. Wannan wasiyya ba ta wanke Shabibu ba, ta dai taƙaita ramuwa.

Ta fuskar zunubi kuwa, hadisi ya inganta cewa wanda ya yi nufin mugun aiki ya bar shi saboda Allah, ana rubuta masa lada. Wani hadisin ya sanya wanda aka kashe cikin Musulmi biyu da suka zare wa juna takobi a sahun mai kisa, don shi ma ya yi kwaɗayin kashe ɗan'uwansa. Shabibu bai bari ba, kuskure ya yi. Ɗari-ɗarinsa ma shaida ce a kansa, don ta nuna ya san darajar wanda zai kashe. Tsakanin maganarsu da asubar nan yana da damar janyewa, yana da damar sanar da Aliyu, bai yi ko ɗaya ba. Ƙin zuciya yana amfani ne idan ya hana ƙafa tafiya, ya hana hannu zare takobi. Allah shi ne mafi sani.