Ƙwallon kwando

ƙwallon kwando (suna, namiji) 1. Wasan da ƙungiyoyi biyu ke bugawa da hannu, kowace da 'yan wasa 5 a fili, ana neman jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe mai raga da ke rataye mita 3.05 daga ƙasa. Ba a tafiya da ƙwallo a riƙe, sai ana buga ta da ƙasa. Jifa daga kusa maki 2 ne, daga bayan layin da'ira 3. James Naismith ya ƙirƙiro shi a Springfield ta Amurka a 1891, don ɗalibai su samu abin motsa jiki lokacin sanyi.

A Arewa, Zariya na cikin cibiyoyinsa. Can koci Oliver Johnson, Ba'amurke, ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a garin ne Masai Ujiri, wanda ya yi suna a harkar wasan, ya taso. Ga 'yan sakandare a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa ko Kwoi, babbar ƙofa ita ce gasar Milo, wadda ake fara tacewa daga jiha, a je shiyya, sannan matakin ƙasa. Yaran kudancin Kaduna ba su rasa ƙwazo ba. Sau da yawa dai fili ne siminti mai tsagewa, zobe ba raga, malamin wasanni ɗaya yana koci yana alƙalanci, kuma yaran sun cancanci fiye da haka. *Misali:* "Malam, mu ma 'yan mata a sa mu a ƙwallon kwando bana."

2. Ita kanta ƙwallon, babba mai kaushi don kada ta zame daga tafin hannu. *Misali:* "Yaya, ara mini ƙwallon kwandonka, tamu ta sace."