Alƙalami da Inji: Tarihin Sana'ar Littafi a Birnin Kano

Idan aka yi zancen masana'antun Kano, hankalin mutane yakan tafi Bompai da Sharada da Challawa, inda aka kafa masaƙu da majemu da injunan matse gyaɗa. Amma akwai wata sana'a da ta girme su duka, kuma ta rayu bayan da yawa daga cikinsu sun rufe ƙofa, wato sana'ar littafi.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, Kano ta zama matattarar malamai da fatake. Littafi a wancan zamani aikin hannu ne. Marubuci yakan zauna da alƙalamin kara da tawada, ya kwafe Ahalari ko Iziyya ko Risala ko Ishiriniya, sa'an nan baduku ya ɗinka masa gafaka. A ƙarni na 19, takardar da aka fi amfani da ita, mai tambarin wata uku, daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetare Sahara a kan raƙuma.

Da Turawa suka zo, sai suka ɗora ɗab'in boko a Zariya. An kafa Hukumar Fassara a 1929, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, kamfanin NNPC kuwa a 1966. Waɗannan duk hukuma ce ta tsaya musu, makarantun boko ne kuma kasuwarsu. Kano ta ɗauki wata hanya dabam. Almajirai sun saba da rubutun malamansu, idonsu bai saba da haruffan bugun Misira ba. Saboda haka, daga wajen shekarun 1950, 'yan kasuwa suka riƙa biyan marubuci ya kwafe littafi da hannu, a ɗauki hoton shafukan, inji ya buga dubbai. Ta haka inji ya yi wa alƙalami hidima maimakon ya kashe shi.

Wannan ba a Kano kaɗai ya faru ba. A ƙasar Japan, zamanin mulkin gidan Tokugawa (1603-1868), manyan maɗaba'u suna Kiyoto da Osaka da Edo, amma garuruwan da suka ginu a gindin ganuwar fadar hakimai su ma sun yi nasu. A Nagoya, gidan Eirakuya ne ya fara fitar da littafin zane-zanen Hokusai a 1814. Su ma a jikin katako suke sassaƙa shafi, kamannin rubutun hannu bai ɓace ba, wanda ba shi da halin saye kuma sai ya je shagon haya.

Gwaji mai tsanani ya zo wa Kano a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, masana'antu da dama a Sharada da Challawa da Bompai suka yi ta durƙushewa. Manyan kamfanonin ɗab'i ma suka ja baya, suka taƙaita ga littattafan makaranta. A daidai lokacin ne matasa, mata da maza, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Dillalai suka watsa su kasuwa-kasuwa har Jamhuriyar Nijar, shagunan haya suka kai su cikin gidaje. Shi ne abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. Masana'anta mai jiran kayan gyara da canjin kuɗin waje, da zarar ɗaya ya yanke sai ta tsaya. Sana'ar littafi kuwa jarinta kaɗan ne, kuma mai bugawa ya san mai karantawa, ya san abin da idonsa ya saba da shi da abin da aljihunsa zai ɗauka.

Sai dai akwai abin damuwa. Yawancin littattafan nan a takarda mai araha aka buga su, wasu babu shekarar bugu, kuma ba a cika ajiye kwafinsu a ɗakunan karatu ba. Yanzu da karatu ya koma cikin wayar hannu, idan jami'o'i da ma'aikatun adana tarihi ba su tattara su ba, gara da damina za su riga masu bincike.