Gidajen Tarihin Berlin: Kayan Wa Ke Cikin Gilashin Nan?

 Yau Berlin za mu, babban birnin Jamus. Na yi 'yan kwanaki a can wajen wani taron matasa, kuma duk ɗan lokacin da na samu tsakanin zama da zama a gidajen tarihi na ƙarar da shi. Abin da zan kawo muku ba jerin wuraren ɗaukar hoto ba ne. Tarihin yadda kayan suka je can nake so mu bi, domin akwai namu a ciki.

A tsakiyar birnin akwai wani ɗan tsibiri a cikin kogin Spree, gidajen tarihi biyar ne a kansa, shi ya sa ma ake ce masa Tsibirin Gidajen Tarihi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ɗaya daga cikinsu, Pergamon, inda ƙofar Ishtar ta tsohuwar Babila take, an rufe shi tun Oktoban 2023 saboda gyara, don haka na wuce Neues Museum. A nan ne mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti ta Masar yake, ita kaɗai a ɗaki guda, kuma an hana ɗaukar hoto. Ayarin wani Bajamushe, Ludwig Borchardt, ne ya tono ta a Amarna a Disamban 1912, aka kai ta Jamus, ba a nuna wa jama'a ita ba sai 1924. Tun daga lokacin Masar ke neman a mayar mata da ita, Jamus kuma na cewa ta hanyar rabon da dokar wancan zamani ta yarda da shi ta samu. Kyau kam tana da shi, ba na musu. Amma ba ita ta kai ni ba.

Inda na fi daɗewa shi ne Humboldt Forum, tsallaken titi kaɗan. Ginin ma kansa labari ne. Fadar sarakunan Prussia ce, waɗanda daga baya suka zama sarakunan Jamus baki ɗaya. Bama-bamai suka lalata ta a 1945, gwamnatin Jamus ta Gabas ta rushe ragowar a 1950, ta gina nata zauren a wurin, shi ma aka rushe shi bayan haɗewar ƙasar. Sai aka sake gina fadar kamar yadda take a da, aka buɗe ta a 2021, aka kwaso kayan Afirka da Asiya da sauran sassan duniya aka zuba a ciki. Ku duba fa: kayan da aka tara a zamanin mulkin mallaka, an ajiye su a kwafin gidan sarkin da aka yi mulkin mallakar da sunansa. Jamusawa da yawa ma ba su ji daɗin wannan ba. Wata farfesa 'yar Faransa, Bénédicte Savoy, ta fice daga kwamitin masu ba da shawara a 2017 saboda ba a binciki asalin kayan yadda ya kamata ba. Ranar buɗe sashen a Satumban 2021 kuwa, Chimamanda Adichie aka gayyata ta yi jawabi, kuma a gaban shugaban ƙasarsu ta tayar da maganar mayar da kaya.

To mu fara da kayan Benin, tunda su aka fi sani. A Janairun 1897 aka kashe wani jami'in Birtaniya, James Phillips, da yawancin 'yan tawagarsa a hanyarsu ta zuwa Benin, bayan an gaya musu kada su zo a lokacin. Wata guda bayan haka sojojin Birtaniya suka afka wa birnin, suka ƙone shi, suka kwashe dubban kayayyaki daga fada: allunan tagulla, kawunan sarakuna, hauren giwa da aka sassaƙa. Oba Ovonramwen aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. Jamusawa ba su cikin wannan yaƙi. Abin da suka yi shi ne saye. Wani ma'aikacin gidan tarihin Berlin, Felix von Luschan, ya gane darajar kayan tun kafin Turawan Ingila da yawa su farga, ya riƙa bin 'yan kasuwa da wuraren gwanjo yana saye har Berlin ta tara sama da 500, ba wanda ya fi ta sai gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Mu dai a unguwa mun san hukuncin wanda ya sayi akuyar sata yana sane.

A nan dole in yi wa Jamus adalci. A Yulin 2022 ta sa hannu da Najeriya kan yarjejeniyar mayar da mallakar kayan Benin fiye da 1,100 da ke gidajen tarihinta daban-daban, kuma a Disamban wannan shekarar ministar harkokin wajenta, Annalena Baerbock, ta kawo rukunin farko Abuja da kanta. Waɗanda na gani a Berlin yanzu aro ne, Najeriya ce ta ba su aro. Na ji wani abu a raina da na karanta hakan a jikin bango, wallahi. Gidan tarihin Birtaniya kuwa har yau yana fakewa da wata doka ta 1963 da ta hana shi fitar da kayansa. Sai dai kuma a 2023 Shugaba Buhari ya fitar da sanarwar cewa duk abin da aka dawo da shi na Oba Ewuare na Biyu ne, jaridun Jamus suka yi ca, wai an ba gwamnati kaya ta miƙa wa mutum ɗaya. Ni a ganina, daga fadar kakansa aka ɗauka. In ka mayar wa mutum abinsa, inda zai ajiye ba naka ba ne.

Amma abin da ya fi tsayar da ni ba na Najeriya ba ne ma, na Kamaru ne: karagar mulkin Bamum, wadda ake kira Mandu Yenu. Kujera ce ta katako da aka lulluɓe da ƙananan duwatsun ado masu launi-launi da wuri, mutum biyu a tsaye a bayanta, mace da namiji, a gaba kuma wurin ɗora ƙafa da wasu biyu riƙe da bindigogi. Ta Sarki Nsangu ce, mahaifin Sarki Njoya na Fumban. Masu sauraronmu na Kamaru sun san Njoya: shi ne ya ƙirƙiro wa mutanensa haruffan rubutu nasu na kansu, kuma ya kusanci Musulunci bayan Lamiɗon Banyo ya taimake shi a wani yaƙin cikin gida. Fatake Hausawa sun daɗe suna zaune a garinsa. A 1908 Njoya ya aika da wannan karaga ga Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, a takarda dai kyauta ce ta murnar ranar haihuwa.

Nan ne maganar ke da wuya, domin ba a ƙone Fumban ba kamar Benin. Sai dai ku tambayi kanku, sarkin da ke zaune ƙarƙashin Turawa masu bindiga, wanda ya ga abin da suka yi wa maƙwabtansa, in suka nuna sha'awar kujerar ubansa, zai iya cewa a'a? Shekara biyu kafin nan, a 1906, Jamusawa sun yaƙi mutanen Nso tare da shi, har aka dawo masa da ƙoƙon kan mahaifinsa da Nso suka riƙe tun da suka kashe shi a yaƙi. Wato akwai bashi, akwai tsoro, akwai kuma siyasa irin ta sarkin da ke neman ya tsira da ƙasarsa. Kalmar “kyauta” ta yi ƙanƙanta ta ɗauki duk wannan. A 2023 Sarkin Bamum na yanzu, Nabil Mbombo Njoya, ya ziyarci wurin, kuma bai tsaya kallo daga nesa ba, hawa ya yi ya zauna a kai. Karagar dai tana nan Berlin har yanzu.

Da na fito sai na taka zuwa titin Wilhelmstrasse, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba. A nan fadar Bismarck take a da, inda aka yi Taron Berlin daga 15 ga Nuwamban 1884 zuwa 26 ga Fabrairun 1885. Ginin babu shi yanzu, gidajen zama ne da wani allo a bakin titi mai bayanin abin da ya faru. A makaranta an koya mana cewa a nan aka shimfiɗa taswira aka yanka Afirka da rula. Ba haka abin yake daidai ba. Yawancin iyakokin daga baya aka ja su, tsakanin ƙasa da ƙasa. Abin da ƙasashe 14 suka yi a nan shi ne tsara dokar wasan: yadda za ka sanar da sauran cewa ka kama wuri, da yadda za a yi zirga-zirga a kogin Kwango da kogin Kwara. George Goldie yana wurin yana ba wa tawagar Birtaniya shawara, kuma kamfaninsa ne ya samu izinin sarauta a 1886 ya zama Royal Niger Company. Daga nan zuwa faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 shekara 17 ce kacal. Ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: a daidai wannan lokacin akwai Hausawa biyu a Berlin. Wani matafiyi Bajamushe, Eduard Robert Flegel, wanda ya yi shekaru yana bin kogin Binuwai har Adamawa, ya koma gida a 1884 tare da madugai biyu da suka yi masa jagora, Madugu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Manyan fatake ne da suka san hanyoyin hauren giwa kamar tafin hannunsu, an zaga da su gari, an kai su gaban Sarki Wilhelm na Ɗaya, har Flegel ya buga ɗan littafi a 1885 daga labaran da suka ba shi. Mutanen da suka fi duk wanda ke cikin zauren nan sanin Kwara da Binuwai suna cikin garin, ana maganar kogunansu, ba wanda ya ce su shigo.

Wani abokina ya ce min, “To kai, in an dawo da kayan nan ina za mu sa su? Yaushe rabonka da Gidan Makama?” Tambayar tana da nauyi. Gidajen tarihinmu na fama da rashin kuɗi, an kuma sha sace kaya daga cikinsu, kayan ƙasa na Nok ma har yau ana haƙo su a ɓoye ana fitarwa. Amma waɗannan maganganu biyu ne daban. Rashin kula da Gidan Makama ko gidan tarihin Jos namu ne mu tayar wa gwamnatocinmu da shi, kuma ya kamata mu matasa mu sa shi cikin abin da muke tambayar 'yan takara. Bai zama hujjar da wani zai riƙe kayan da ya san yadda aka same su ba. Kuma masu cewa Berlin ta fi dacewa domin duk duniya na zuwa ta gani, su gaya min ɗalibai nawa daga Benin ko Fumban za su iya samun biza da kuɗin jirgi.

A shiri na gaba za mu ɗauko Ɗorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, shekara kusan 30 kafin madugan nan biyu. Wanda ya taɓa ziyartar Fumban kuma, ina so in ji yadda mutanen garin ke ba da labarin karagar nan da bakinsu. Sai mun haɗu, wassalam.