Alien 3: Fim Ɗin Da Aka Sa Wa Rana Kafin A Sama Masa Labari

Masu karatu, ina so in ɗan bi diddigin wani fim na ban tsoro wanda ya ba masu kallo haushi, har shi kansa darektan ya yi tir da shi. Watau Alien 3, wanda kamfanin 20th Century Fox na Amurka ya fitar a watan Mayu na 1992.

Sai mun ɗan koma baya tukuna. A 1979 Ridley Scott ya yi Alien, labarin wani dodo na wata duniya da ya shiga kumbon 'yan dako yana ɗauke su ɗai-ɗai, har ya rage saura mace guda mai suna Ripley, wadda Sigourney Weaver ta fito a madadinta. A 1986 James Cameron ya yi na biyu, inda Ripley ta tsira tare da wani soja, Hicks, da wata marainiya, Newt, wadda ta riƙa tamkar 'yar cikinta. Duka biyun sun kawo kuɗi, saboda haka kamfani ya ce lallai sai an yi na uku.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Babu wanda ya san abin da na ukun zai ƙunsa. A 1987 marubuci William Gibson ya rubuta nasa labarin, aka ajiye. David Twohy ya kawo na gidan kurkuku a sararin samaniya, shi ma aka ajiye. Sai Vincent Ward, mutumin New Zealand, ya zo da abin da ni a ganina ya fi kowane armashi: wata duniya da aka gina da katako, cike da sufayen Kirista waɗanda suka ƙaurace wa injina, sai ga mace ta faɗo musu tare da abin da suka ɗauka Shaiɗan ne. Ba su shirya da masu kuɗin ba, ya kama gabansa. Daga ƙarshe Walter Hill da David Giler suka yi kwaɗo: suka ɗauki kurkukun Twohy, suka zuba masa addinin sufayen Ward. Abin da ya sa ke nan fursunonin Fiorina 161 suke ta wa'azi da addu'a, ga ƙwal-kwabo, mai kallo bai ma bambanta wannan da wancan.

Aka damƙa aikin ga David Fincher, saurayi ɗan shekara 28 wanda bai taɓa yin dogon fim ba, sai tallace-tallace da hotunan waƙoƙin irin su Madonna. A watan Janairu na 1991 aka fara ɗauka a Pinewood ta Ingila, alhali ba a gama rubutun ba. Abin dariya ma, tallan farko ya nuna wa jama'a cewa dodon zai sauko duniyarmu, kuma ko kusa bai sauko ba.

Amma babban laifin da masu kallo suka riƙe shi ne, tun kafin labari ya soma an kashe Hicks da Newt a haɗarin kumbo. Duk wahalar da Ripley ta sha don ceton yarinyar nan ta tashi a banza ke nan. Cameron da kansa ya nuna ɓacin ransa. Ni dai ban ƙi baƙin ƙarshen fim ɗin ba, inda Ripley ta faɗa cikin wutar maƙera don kada kamfanin da ke farautar dodon ya sami wanda ke cikinta. Wannan wuri yana da nauyi. Hanyar da aka bi zuwa gare shi ce ta cika faci.

A Amurka fim ɗin ya kawo wajen dala miliyan 55 kawai, kasuwar ƙetare ce ta rufa masa asiri. A 2003 aka fitar da wani sabon haɗi mai ƙarin kusan rabin sa'a, inda dodon ya fito daga cikin sa maimakon kare, kuma fursunonin suka sami damar yin magana kamar mutane. Masu kallo da yawa sun fi son wannan. Fincher kuwa, wanda a lokacin ya riga ya yi suna da Seven na 1995, ya ƙi sa hannu a cikin aikin.