Daga Balad Zuwa Jangebe: Tarihin Tsarabar Alhazai

Mai karatu, tun kafin 'yan kasuwarmu su san hanyar Dubai ko Sin, Bahaushe ya san kasuwar Jidda. Kakanninmu kan ɗauki iyali su bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, su yi shekaru a hanya suna ƙodago don guzuri. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na cikin waɗanda za ka ji suna ciniki da Hausa tsantsa a Bab Makka.

Jirgin sama ne ya sauya lamarin daga shekarun 1950, kuɗin fetur ya zo ya ƙara, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Sai ga alhaji da hajiya daga Jangebe, Bakura ko Maradun a lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Hajiya na taya turare, abaya da gwal, maigida na duba agogo, darduma da rediyo mai kaset. Daga baya akwatin bidiyo ya shiga jakar masu hali. Shi ya sa da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, ya tarar da abin kallonsa a gidaje.

Da fatake suka gano yawancin kayan daga Sin ake kawo su, sai suka miƙe can kai tsaye a shekarun 2000. Yau abayar da hajiya ta sha wahalar ɗaukowa tana nan a kasuwar Talata Mafara. Dabino da zamzam kaɗai suka riƙe darajarsu.